Nono a Gidan Masunta

Na kai shekarun da nake aje tsintsiya in manta inda na aje ta, in kira jika da sunan ɗan'uwansa har yaran su yi ta yi mini dariya. Abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, kuma ban damu ba, don yawancinsu ba su da wani amfani. Amma akwai wata la'asar guda da na san ba zan manta da ita ba har ranar da za a tura mini ƙasa. Ita ce la'asar da nono ya shiga gidan Innata, ɗan farina yana kwance a tabarma, ba mu san ko zai ga watan gobe ba.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a ko fara zancen yanko mana Kabi ba. Mu 'yan bakin ruwa ne. Ƙauyenmu yana gaba da Wara kaɗan, cikin ƙauyukan da aka tasa aka sake musu mazauni sa'ad da ruwan Kainji ya cinye tsohon gari. Babanmu masunci ne, ya rasu ina ƙarama, yayana ya gaji jirginsa da tarunsa. Inna kuwa banda take yi. Da kifi aka ci da mu, da shi aka yi mana sutura, har gashin kanmu ƙaurin hayaƙin banda yake yi. Ni ban ma san ina ƙauri ba sai da na shiga firamare a Wara, 'yan gari suka sanar da ni, ni kuma na sanar da su cewa hannun 'yar masunta yana da nauyi.

A gidanmu akwai doka guda da ba ta da gyara: nono ba ya shiga. Ba kindirmo, ba tsala, ba madara, ba man shanu. Duk abin da ya fito daga hantsar saniya, iyakarsa bakin zaure. Kowa a bakin ruwa ya tashi yana jin ana cewa haɗa kifi da nono a ciki yana kawo kuturta, amma sauran gidaje suna da dabararsu. Wanda ya ji marmarin fura sai ya ƙaurace wa kifi yini guda, ya sha abinsa, ya kurkure baki. Inna ba ta yarda da wannan dabara ba. Cewa take yi wanda aka haifa a gidan masunta kifi yana cikin jininsa ko ya shekara bai ci ba. Da rani in Fulani suka sauko bakin ruwa da shanunsu, matansu kan bi gida-gida da ƙore a kai. Sun san ƙofarmu sarai, daga nesa suke ɗaga wa Inna hannu su wuce. Ban taɓa tambayarta dalili ba. Inna ba irin matan da ake tambaya dalili ba ce, kuma masu cewa ina da taurin kai su sani a wurinta na tsotsa.

Da na yi aure aka kai ni Yelwa, mijina tela ne a bakin kasuwa. A can na ga abin mamaki. Maƙwabtana su sha fura da nono da rana, da magariba su ci tuwo da miyar kifi, su wayi gari lafiya lau. Ni ma na koyi shan fura, daɗi kam akwai shi. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, duk ranar da na sha, ko romon kifi ba na yarda ya taɓa bakina.

Allah ya ba ni ɗa namiji. Yana cikin koyon tafiya, bai isa yaye ba, sai na yi ɓatan wata. Matan gida suka ce a cire shi daga nono maza-maza kada ya sha ciki ya lalace. Aka ɗauke shi aka kai wa Inna yaye kamar yadda aka saba. Ku yaran yanzu ba ku san alkunyar ɗan fari ba, kuna rungume da abinku a gaban kowa kuna yi masa waƙa. Mu a zamaninmu ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban manya, ba na tambayar lafiyarsa. In an ce ɗana ne sai in sunkuyar da kai kamar an zage ni. Ranar da aka tafi da shi na zagaya bayan ɗaki na yi kukana na ƙoshi, na wanke fuska, na fito ina hira kamar ba ni ba.

Yayana yakan kawo bandar kifi kasuwar Yelwa a jirgi mai inji, ya biyo ya gaishe mu. Ba ni da bakin tambaya, sai in yi ta kewaye-kewaye: ya Inna, ya matarka, ya awaki, ya kaji. Har sai ya ji tausayina ya ba ni labarin da nake jira. Wani zuwa ya ce baƙon dauro ya ratsa ƙauyen, ya taɓa yaron, amma ya tashi. Wani zuwan kuma ya shigo da fara'arsa, ya ce Inna ta ce a gaya mini maigidanta ya yi ƙiba, kumatu kamar an hura. Maigida take kiransa, irin wasan kaka da jika. Daɗi ya kama ni har na kasa ɓoyewa. Na sa mijina ya ɗinka masa sabuwar riga, na ce ya ƙara mata faɗi, don mai ita ya zama ƙato.

Da cikina ya fara tsufa na matsa aka bar ni in je ganin gida. Ina shiga na hango shi zaune a tabarma a bakin ɗakin Inna, ya miƙe ƙafa. Ga kumatun kuwa, ga ƙafafu sun yi ɓul-ɓul. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata, na kawar da kai saboda alkunya, na durƙusa ina gaida Inna. Amma ina satar kallonsa, kuma da kowane kallo gabana yana ƙara faɗuwa. Yaron da na sani ba ya barin kaza ta huta, yanzu ga kaji suna kiwo har kan tabarmarsa, ko ɗaga ido bai yi ba. Gashinsa da yake baƙi wuluk ya koma ja, ya yi laushi, ya zube a wurare. Bakinsa duk miki. Wani irin kuka yake yi can ƙasa-ƙasa, ba hawaye, ba ƙarfi, ba kuma ya fasawa.

Da Inna ta fita duba banda na ce bari in gwada masa rigar. Ina cire ta jikinsa na ga abin da ta ɓoye. Daga ƙugu zuwa ƙasa ƙato ne, daga ƙirji zuwa wuya kuwa ƙashi da fata. Damtsensa bai fi babban yatsana da na kusa da shi ba. Fatar cinyoyinsa ta yi baƙi tana saɓulewa. Rigar da na sa aka ƙara wa faɗi ta zame daga kafaɗarsa.

Na tambayi Inna me yake ci. Ta ce tun da ya tashi daga dauro bakinsa ya hana shi tauna, ya ƙi tuwo, ya ƙi kifi, ga gudawa ta ƙi tsayawa. Kunun dawa tsararo kawai yake karɓa, sai romon kifi da take tace masa saboda ƙaya. Kuma tana faɗa da alfahari, don ba ta taɓa barin cikinsa ya zauna wayam ba. Ina so wannan ya fito fili: Inna ba ta yi sakaci da shi ba. A bayanta yake yini, a ƙirjinta yake barci, bandarta ma ta bar wa matar yayana saboda shi. Kumburin nan kuwa, ba ita kaɗai ba, duk matan unguwa ƙiba suka ɗauke shi, suna yi mata barka da iya yaye.

Washegari na ce a kai shi ɗakin shan magani a Wara. Inna ta ce shan ciki ne ke fita, tana ba shi saiwar da ake bayarwa. Amma ba ta ja da nisa ba, don ita ma abin yana cinta a rai, ta ce rabon da ya yi mata dariya har ta manta. Yayana ya sa mu a jirgi.

Malamar asibitin da muka samu 'yar garuruwan kan tudu ce, Kirista, Hausarta da ɗan lanƙwasa, mace mai sanyin magana. Ta kwantar da shi, ta duba baki, ta duba ido, ta shafa gashin. Sannan ta sa babban yatsanta ta danna saman ƙafarsa, ta ɗan jima, ta ɗage. Sai ga rami ya zauna a wurin, bai ciko ba. Har yau in na rufe ido ina ganin ramin nan.

Ta ce, "Inna, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yunwa ce ke cin yaron nan."

Inna ta miƙe zumbur. Ta ce yunwa a gidan wa? Gidan da kyanwa ma ta gaji da kifi? Ta ce a tambayi duk bakin ruwan nan ko an taɓa jin wanda ya kwana da yunwa a gidanta. Malamar ba ta yi fushi ba, ta bari har ta kai aya, sannan ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ta yarda cikinsa cike yake, amma kunu tsararo cika ciki kawai yake yi, ba ya gina tsoka, ba ya ƙara jini. Abin da ke gina jikin yaro a nonon uwa yake samunsa. Da aka cire shi sai ya rasa, dauro da gudawa kuma suka kwashe ɗan abin da ya rage. Ta ce kifi yana da abin, amma a tsokar yake, ba a romon da aka tace ba, shi kuma ba ya iya tauna. Abin da ya fi kusa da nonon uwa, wanda zai wuce maƙogwaro ba tauna, shi ne madarar shanu. A cikinta akwai mai gina tsoka, akwai mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, akwai maiƙon da zai ba shi kuzari.

Ta koya mini yadda zan yi. A samo sabuwar tatsa, a tafasa ta sosai, a sirka da tafasasshen ruwa da farko, a sa ɗan sukari da ɗigon man gyaɗa. A ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kada a ɗura masa da yawa lokaci guda. In bakinsa ya warke ya fara neman abinci, a daka busasshen kifi a cire ƙaya a zuba masa a kunu, a ci gaba da madarar. Ta ba mu maganin shafawa a baki da na sha, ta ce kumburin zai saɓe ya ƙara ramewa a ido, kada mu tsorata. In kuwa ya ƙi karɓa, a wuce da shi babban asibiti a Yelwa ba tsayawa.

Tun da aka ambaci madara Inna ta ɗaure fuska. Da aka zo kan madara da kifi tare, sai ta sunkuya ta ɗauki yaron ta goya, ta fice ko sallama babu. Zan bi ta, malamar ta riƙo hannuna, ta rage murya, ta ce kada in jira kasuwa ta zagayo, yaron ba shi da wannan lokacin.

Muka shiga jirgi muka koma ƙauye. Muna sauka ban bi su gida ba. Na ɗauki hanyar rugar Fulanin da suka sauka a bakin ruwa, da tsohon cikina, rana tana dukana. Shanu duk sun fita kiwo, amma Allah ya taimake ni akwai wata saniya mai sabon maraƙi da aka bari a gida. Bafulatanar da ta tatsar mini ta gane ni. Ta riƙe baki, ta tambaye ni ko gidan tsohuwa mai banda zan kai. Na ce can. Ta dube ni, ta dubi cikina, ta ce Allah ya sa in fito lafiya. A gidan maƙwabta na tafasa, don na san tukunyar Inna ba za ta ga madara ba. Na haɗa yadda aka koya mini, na zuba a ƙoƙo, na rufe da faifai.

La'asar ta yi lokacin da na shiga. Inna tana tsaye a tsakar gida kamar dama ni take jira. Yaron yana kwance a tabarma bayanta, yayana da matarsa suna gefe.

Ta ce, "Mi ke cikin ƙoƙon ga?"

Na ce, "Madara ce, Inna."

"Koma da ita inda kika ɗauko."

Yayana mutum ne mai son zaman lafiya. Ya sa baki ya ce to a daina ba yaron romo gaba ɗaya, a daina ma dafa kifi a gidan har ya warke, shi ya yarda ya ci tuwo da miyar kuka. Inna ta ce ya rufe mata baki. Yaron da ya yi wata da watanni yana shan romo, jikan masunci, ina za a kai kifin da ke jininsa? Ta ce 'yar kan tudu ba ta san ruwa ba, ba ta san abin da ruwa ya hana ba. Ni dai ina tsaye da ƙoƙo, ina danne zuciyata. Sai ta faɗi maganar da ta tsinka ni.

"Gara Allah ya karɓi abinshi da yatsunshi goma, da in gan shi kuturu."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ɗana ne, Inna. Ni na haife shi. In bai sha a gidan ga ba, zai sha a jirgi kan hanyar Yelwa." Sannan na kira shi da sunansa, sunan yanka, a gaban uwata da yayana da matarsa, abin da ban taɓa yi ba tun ranar suna. Matar yayana ta dafe baki. Yayana ya sunkuyar da kai. Shi kuwa mai sunan ko waigowa bai yi ba, don bai taɓa jin sunan nan a muryata ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a ranar.

Na tsaya ina jiran mari. Bai zo ba. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo kujera ta zauna. Ta fara magana ba ta kallon kowa, kuma abin da ta faɗa ko yayana da ya girme ni bai taɓa ji ba.

Ashe Inna tana da yaya mace a tsohon garinmu da ruwa ya ci. Ita ta goye ta, ita ke yi mata kitso, a kwano ɗaya suke ci. Wata rana wasu Fulani masu wucewa suka ba yayar nono, ta sha a kan kifin da ta ci. Inna tana ƙarama, tana barci, ba a rage mata ba, da ta tashi har kuka ta yi. Bayan wani lokaci tabo ya fito wa yayar, fari-fari, sannan yatsu suka fara mutuwa. Manya suka zauna suka ce nonon nan ne. Aka yi mata bukka a bayan gari, aka ware mata akushi. Inna ce mai kai mata abinci, kuma an gargaɗe ta ta tsaya daga nesa ta juye, kada kwanonta ya taɓa akushin. Kullum yayar sai ta roƙe ta ta zauna su ci tare ko loma ɗaya ce. Kullum Inna sai ta juye ta ruga da gudu. A bukkar ta mutu, kabarinta yana ƙarƙashin ruwan da yayana yake jefa taru a kai.

Inna ta ce, "Ba yatsun suka kashe ta ba. Cin abinci ita ɗaya ya kashe ta."

Duk zafin da na shigo da shi ya bi iska. Tausayinta ya kama ni, na ji kamar in aje ƙoƙon in rungume ta. Amma yaron ya sake yin kukan nan nasa na ƙasa-ƙasa. Na durƙusa a gabanta, na ce a hankali, "Inna, in ba mu ba shi ba, ba zai ma kai ga kuturtar ba."

Ta juya ta dube shi, ta daɗe. Sai ta tashi ta nufi banda, ta ɗauko tarwaɗa guda, ta ɓare tsoka ta sa a baki. Muna kallonta tana tauna a hankali har ta haɗiye. Ta dawo ta miƙo hannu ga ƙoƙon. Na ɗauka zubarwa za ta yi, na ƙanƙame shi. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta yi bisimilla, ta rufe ido, ta kafa kai ta kurɓa, ta sake kurɓa, fuskarta kamar mai shan maɗaci. Tsohuwar da tun tana yarinya farin saniya bai taɓa leɓenta ba.

Ta goge baki da gefen zane, ta zauna a tabarma, ta ɗora jikanta a cinya, ta ce in ba ta cokali.

"In abin ya zo, mu biyu za ya iske. Akushi guda ya ishe mu, ko ba haka ba, maigida?"

Cokali na farko ya kawar da kai, madarar ta bi kumatunsa. Na gaba ta taɓa masa leɓe kawai, ya lasa. Can sai muka ga maƙogwaronsa ya motsa. Yayana ya tashi ya fita zaure, na san ba ya so a ga idonsa ne. Ni kuwa a wurin na zauna na yi kukana a fili, alkunya ta riga ta tafi.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Kullum da hantsi matar yayana takan karɓo sabuwar tatsa, Inna ta tafasa a tukunyarta ita da kanta. Kuma kullum sai ta kurɓa kafin ta ba shi, a kan kifin da ta ci, ba fashi. Gudawar ta tsaya. Kumburin ya saɓe kamar yadda aka faɗa, yaron ya fito a ainihin ramarsa, abin tausayi, har mata suka fara gunaguni cewa nono ya zuƙe shi. Bakin ya warke, ya fara miƙo hannu in ya ga ƙoƙo. Aka fara zuba masa garin kifi a kunu.

Sai kuma wata safiya Inna tana yi masa wanka na ji ruwa ya daina motsi. Na leƙo. Inda baƙar fatar nan ta saɓule a cinyoyinsa, ga tabo fari-fari sun bayyana. Inna tana kallonsu, soso a hannu, ta daskare. Ni ma da na ji bayanin malama da kunnena, sai da na ce shi ke nan, na jawo mana. Muka koma Wara a ranar. Malamar ta duba ta ce sabuwar fata ce ke fitowa, za ta rine da kanta. Ni hankalina ya kwanta. Inna kam na ga a idonta ba ta yarda ba, ta riga ta san tabon nan tun tana yarinya. Na zaci in mun koma za ta kife tukunyar. Muna isa gida ta hura wuta, ta tafasa madara, ta kurɓa, ta ba shi. Da na yi mata magana ta ce tun da ya fara karɓar abinci ba za ta katse masa ba, abin da ya zo kuma ai ta riga ta faɗa.

Tabon ya rine kamar yadda aka ce. Gashi ya fito baƙi. Ranar da ya rarrafa ya cafko wutsiyar kyanwa ya ƙyalƙyale da dariya, Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambaya ko na haihu ne. A gidan na zauna har na sauka lafiya, kuma kafin in koma Yelwa yana bin kaji da gudu.

Yau wannan yaron magidanci ne da furfura a gemu, 'ya'yansa ne ke yi mini dariya in na rikita sunayensu. Daga baya na ji daga bakin masana cewa kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba ruwanta da kifi ko nono, kuma tana da magani. Na kai wa Inna wannan labari da ɗokina. Ta ce to, ta ji. Amma ba ta taɓa sakin jiki ba. Har ƙarshen rayuwarta, kullum da safe bayan ta idar da salla, takan ɗauki ƙayar kifi ta tsikari kan yatsunta ɗaya bayan ɗaya don ta ji ko sun fara mutuwa. Ta yi shekaru masu yawa tana jiran ciwon nan. Ranar da ta rasu ina cikin masu yi mata wanka, na riƙe hannuwanta na duba, yatsunta goma cif, sai 'yan ɗigon tabo a kan kowanne inda ƙaya ta saba shiga.

Abin da na koya, na farko dai mai sauƙi ne, kuma ina faɗa wa duk mai yaye da na gani: cika ciki daban, gina jiki daban. Yaron da aka cire daga nono yana bukatar madara, da kifi, da ƙwai, da wake, ba kunu tsararo kaɗai ba. In kuka ga ya kumbura ya daina dariya, kada ku yi barka, ku danna ƙafarsa ku gani, ku ruga asibiti. Ɗayan kuwa sai da na tsufa na gane shi. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan ina yabon kaina, ni ce mai zuwa ruga da tsohon ciki, ni ce mai tsayawa gaban Inna. Amma ni na ba shi madara ne ina da yaƙinin magani ce. Ita kuwa ta sha tana da yaƙinin kuturta ce, don kawai kada a ware wa jikanta akushi shi ɗaya. Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ta da yayarta a inda za su ci a kwano ɗaya.